Karas Ɗin 'Yata Ya Koma Bakin Zomaye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ce Hajara daga unguwar New Bell, kuma vraiment, gaskiya raina a ɓace yake.

'Yata Zainabu tana fama da dundumi, da magariba ta yi sai ta riƙa cin karo da bango. A asibiti likita ta ce in dinga dafa mata karas da ɗan mai, domin abin da ke ba shi launin nan jiki yana mayar da shi bitamin A, mai taimakon ido.

Kullum nake dafawa. Jiya na tarar da Goggo, yayar mijina, tana tsince karas ɗin daga kwanon yarinyar tana watsa wa zomayen maƙwabcinmu. Ashe haka take yi tun farko! Wai, "Hajara, 'ya'yan gidanmu ba zomaye ba ne, kwalli ya ishe ta."

Mijina ya ce in yi shiru, babba ce. Jama'a, ku ba ni shawara. Zomaye sun yi ɓul-ɓul, 'yata kuwa har yau laluben ƙofa take yi.