Buhunan Waken Kaka

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar mu da numfashi har muka sake ganin wannan wata. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wuri.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Lami, matar Bitrus, muna zaune a Rikoto. Ni ce mai buga tulu in ana waƙa a zumuntar mata. Waɗanda suka san ni kuma sun san ina da baki, ba na ganin abu in yi shiru. To shekara guda ke nan bakin nan ya mutu a kan maganar da zan yi. Baba Fasto ya sha ce mini in tashi in ba da shaida, ina ce masa ban shirya ba. Yau ma ban shirya ba, amma zan faɗa.

Yaranmu biyu ne, Ishaku da ƙanwarsa Rifkatu. Bara Rifkatu tana da shekara uku. Uwar maigidana tana zaune a Manga, mu duka Kaka muke kiran ta, har shi ɗan nata. Kowace Kirsimeti wurinmu take yi, kuma in ta zo yaran nan ba su san ni ba kuma. A ɗakinta suke kwana, a kwanonta suke ci. In na ɗaga hannu zan mari Ishaku, sai ta ce, "Lami, ki bari sai na koma gida."

Bara ta zo da buhunan wakenta. Kun san yadda ƙasa ta zama. Shekarar da ta wuce kafin nan an ƙone mata rumbu, noman damina guda ya tafi a yini ɗaya. Tun daga ranar ta ce abin da ta noma ba zai ƙara kwana inda idonta ba ya gani ba. Da aka sauke buhunan daga mota, na ce a kai su zaure. Ta ce a'a, ɗakinta.

Na ce, "Kaka, ɗakin nan ko tabarma biyu ba ya ɗauka da kyau. Ina yaran za su kwanta?"

Ta ce, "A jikina. Da can a ina suke kwanciya?"

Na yi ta mita, amma mitar wuri nake yi, ba ta komai ba. Baban Ishaku ya sayo ƙwayar nan ta ajiyar hatsi, wadda muke kira bom, ya ƙulla a tsumma, ya cusa cikin kowane buhu don kada wake ya yi ƙwari, ya ɗaure baki. Haka ubansa ya yi, haka maƙwabta ke yi. Sai dai su a rumbu suke yi, can nesa da inda mutum ke kwana. Babu wanda ya yi wannan tunani a cikinmu. Ga sanyi ya sauko, ni da hannuna na toshe tagar ɗakin da tsofaffin zannuwa don kada yara su yi mura.

Kaka ta zo da atamfa turmi guda, shuɗiya mai zanen ganye. Ta sa an ɗinka wa Ishaku riga, Rifkatu 'yar doguwar riga mai tattara, saura kuma ta ce zanenta ne, su uku za su shiga coci iri ɗaya. Rifkatu ta ƙi a sa rigar a akwati. Sai da aka rataye ta a ƙusa, inda za ta riƙa ganin ta daga shimfiɗa. Kowa ya shigo gidan sai ta ja shi ta nuna masa.

Ranar jajibiri da safe Ishaku ya fara amai. Na ce cincin ne, don na kama shi da hannu a roba tun jiya. Na yi masa faɗa sosai. Kafin rana ta ɗaga, Rifkatu ma ta kamu, ita da Kaka. Kaka ta ce kanta kamar ana sara da gatari, ƙirjinta kuma ya cushe. Akwai wani wari a ɗakin, kamar tafarnuwa, kamar ruɓaɓɓen kifi. Na ce ɓera ne ya mutu bayan buhu, in an gama hidima zan nemo shi.

Baban Ishaku ya kira wani mai kemis. Ya duba su, ya ce zazzaɓi ne da ke yawo, ya yi musu allura, ya ce a lulluɓe su da kyau, kada iska ta taɓa su. Muka bi maganarsa. Muka mayar da su ɗakin, muka ja ƙofa. Ni kuma na koma bakin murhu, ga shinkafa, ga naman da za a soya, ga kwanonin da za a kai wa maƙwabta gobe, har da gidan Fulanin da ke kawo mana nono.

Shi Ishaku gudawa ta hana shi zama, yana ta zarya zuwa bayan gida, daga ƙarshe ya kwanta a ƙofar ɗakinmu ya ƙi komawa. Na zage shi a kan taurin kai. Ashe taurin kan nan Ubangiji ne ya ba shi.

Safiyar Kirsimeti na shiga da koko. Kaka tana kwance tana jan numfashi da ƙyar, ta rungume Rifkatu a ƙirjinta. Na ɗaga yarinyar, kanta ya faɗi baya. Leɓɓanta sun canza launi. Na kira sunanta, ta buɗe ido kaɗan, ta dubi ƙusar nan, ta ce, "Mama, rigata." Sai idon ya sake rufewa.

Baban Ishaku ya fita da gudu neman mota. Safiyar Kirsimeti, a unguwarmu, ina za ka ga mota? Duk mai abin hawa yana coci ko ya tafi ƙauye. Ya bar ni da su.

Na zauna a ƙasa tsakanin buhunan nan da shimfiɗa, kaina ni ma ya fara juyawa, na ce kuka ne. Daga nan ina jin ku. Iska tana kawo waƙar haihuwar Mai Ceto, ina jin ganga, ina jin guɗa. Zan faɗi gaskiya a gaban Allah da gabanku, haushinku na ji. Na ce dubi mutanen nan, suna rawa an haifi ɗa, ni tawa tana mutuwa a hannuna.

Addu'ar da na yi ba irin wadda ake koya wa yara ba ce. Ban durƙusa ba, ban rufe ido ba. Na ce, "Yesu, kai ma an taɓa riƙe ka kana jariri. Uwarka ta san nauyin ɗa a hannu. Yau ranarka ce, kowa yana ci yana sha saboda kai. In ka ɗauki yarinyar nan yau, da wane baki zan ƙara yi maka waƙa? Ni ban san abin da zan yi ba. Ka aiko wani." Haka na yi ta maimaitawa, ka aiko wani, ka aiko wani.

Ban san cewa a nan cikin coci Mama Asabe, shugabar zumuntarmu, ta ga tuluna a ajiye ba mai bugawa ba. Ta ce tun da ta san ni ban taɓa fashin Kirsimeti ba, ko ina da cikin wata tara. Ana tashi, ba ta bar mata sun tafi gida sun ci abinci ba. Ta ce a wuce Rikoto tukuna.

Na ji su tun daga bakin hanya, suna tafe suna waƙa. Da suka shigo suka ga fuskata, waƙar ta tsaya. Mama Asabe ta leƙa ɗakin, ta juya ta dubi matan da ke bayanta, sun cika tsakar gida.

Ta ce, "Ɗakin nan ba zai ɗauke mu ba. A fito da su waje, kowa ya sa hannu."

Na tare ƙofa. Na ce, "Mama, an ce kada iska ta taɓa su. Ku shigo bibbiyu."

Ta ce, "Lami, ba mu zo bibbiyu ba. Matsa."

Kun san ni, da wata ce da mun yi. Amma ta ture ni kamar yarinya, ta sunkuci Rifkatu, ta fita da ita. Ita ma ba ta san komai game da buhunan ba, ta faɗa da bakinta daga baya. So take kawai kowace mace ta samu wurin ɗora hannu.

Mata huɗu suka shiga ɗauko Kaka. Na ji ɗaya ta ce, "Wayyo Yesu." Da suka fito da ita suka shimfiɗa, sai Mama Asabe ta kwance ɗankwalinta ta rufe mata fuska. Ina zaune kusa da ita ta cika, ban ma sani ba.

Aka kwantar da Rifkatu a gindin mangwaro. Matan nan suka kewaye ta cikin kayansu na Kirsimeti, suka durƙusa a ƙasa, suna kuka suna kiran sunan Yesu. Ni ban iya addu'a ba kuma. Ƙafarta kawai na riƙe, sanyi ƙalau. Ga gawa a gefe guda, ga 'yata a gefe guda, ga tukunyar shinkafa a kan murhu tana ƙonewa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Sai na ji ƙafar ta motsa a hannuna. Yarinyar ta ja wani dogon numfashi, ta yi tari, ta yi amai, sannan ta fashe da kuka. 'Yan'uwa, ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba. Yabo ga Ubangiji!

A daidai nan Baban Ishaku ya dawo da motar Oga Emeka, mai shagon kayan gini, wanda ya baro abincinsa a kan tebur ya taho. Maigidana ya shigo ya ga an rufe fuskar uwarsa. Bai yi kuka ba. Ya ɗauki 'yarsa ya sa a mota.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta yi ta yi mana tambayoyi. Mi suka ci, mi suka sha, su wa suka kamu, su wa ba su kamu ba. Sai ta ce, "A ina suke kwana? Akwai hatsi a ɗakin?"

Na ce akwai wake.

Ta ce, "An sa masa magani?"

Na juya na dubi Baban Ishaku. Ya jingina da bango, ya sulale har ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. Likita ya gaya mana ƙwayar nan iska take fitarwa, iskar ce ke kashe ƙwari, kuma ba ta san bambancin ƙwaro da mutum ba. Ya ce fito da yarinyar da aka yi shi ne ya ba su abin da za su yi aiki a kai.

Washegari aka kai Kaka Manga aka binne. Ban je ba, ina asibiti. Naman da na soya don biki, masu zaman makoki ne suka ci. Rifkatu ta kwana da yawa ana ƙara mata ruwa, yau a ce da sauƙi, gobe a ce a ci gaba da addu'a. Sai bayan sabuwar shekara muka dawo gida. Tana shiga ta wuce ɗakin nan kai tsaye, ta tsaya a ƙofa, ta ce, "Ina Kaka?"

Ba zan ce muku komai ya wuce ba. Maigidana ya yi watanni ba ya cin wake, ba ya son a ambaci sunansa. Yakan ce shi ya kashe uwarsa da hannunsa. Ni kuma in ce ni na toshe taga, ni na ja ƙofa. Mun zauna gida ɗaya kamar baƙi, kowa yana ɗauke da nasa. Baba Fasto ya yi ta zuwa yana zama da mu. A hankali Ubangiji yana sauke mana, amma har yau akwai ranar da nauyin ke dawowa. Na tambayi Allah don mi bai aiko su tun jajibiri ba, da Kaka tana nan. Bai ba ni amsa ba. Abin da na sani shi ne na ce ya aiko wani, ya aiko, kuma ya sa ɗakina ya yi musu kaɗan.

Ga roƙona. Yanzu lokacin ajiyar amfanin gona ne, kuma na san da yawa cikinmu sun kwaso hatsi daga ƙauye saboda tsoro. In akwai buhu mai magani a ɗakin da mutum ke kwana, kada ku ci abincin rana yau sai kun fitar da shi. Ku gaya wa maƙwabtanku, Kirista da Musulmi. In sun ce kun cika surutu, ku ce Lami ce ta aiko ku.

Wanda kuma yake zaune a nan yana jin waƙarmu tana ba shi haushi, kamar yadda taku ta ba ni bara, na san wurin da kake. Kada ka jira sai ka iya addu'a mai kyau. Faɗa wa Yesu yadda take a zuciyarka, ko da faɗa ne. Yana ji. Ku dogara gare shi.

Rifkatu, tashi tsaye mutane su gan ki. Hau kan benci.

Kun ga rigar ta yi mata kaɗan, ta tsaya a gwiwa. Na ce in ɗinka mata sabuwa, ta ce ita wadda Kaka ta saya take so, ba ta sa ba tukuna. Ishaku ma ga shi can da tasa, hannun ya ɗage. Zanen nan da na ɗaura kuwa, ba nawa ba ne. Kaka ta ce mutum uku za su shiga coci iri ɗaya. Yau mun shigo mu uku.

Na gode wa Yesu da ya bar mini 'yata. Na gode masa domin Kaka, tana wurinsa. Mama Asabe, miƙo mini tulun nan.