Kofin Darlene

A layin gidan waya na Long Beach a Amurka, shekarar 1974, wata dattijuwa ta dubi kwalin da ke hannun mutumin gabanta.

"Bawan Allah, me ka rungume haka kamar jariri?"

"Kofin tseren keke ne. Ni nake ɗaga wa yara tuta a filin turɓaya duk Asabar."

"Wa ya ci?"

"Wata Darlene. Ta cusa gashinta cikin hular kwano, ta shiga cikin maza. Ta faɗi a tudun farko, ta tashi gwiwa na jini, ta wuce su duka. Da ta cire hular, na ce doka ta hana, na miƙa wa na biyu."

"Wace dokar?"

Ya sunkuyar da kai. "Na biyun ɗana ne. Wata huɗu bai taɓa kofin ba, filin ma ya daina zuwa. Shi ne na zo in aika wa Darlene."

"Ita fa?"

"Ba ta taɓa fashi ba."

"Duk Asabar kana ganinta, amma sai gidan waya zai kai mata?"

"Ba na iya haɗa ido da ita."

"Fita daga layin nan, malam. A gaban jama'a ka ƙwace, a gabansu za ka mayar."