Kwabban da Radojka ta wanke

Ranar Asabar a kasuwar garin Sremska Mitrovica, Radojka ta ajiye kwabban tagulla biyu masu ƙyalli a teburin wani dattijo mai sayar da tsoffin kuɗin Rumawa.

"Dattijo, duba mini. Da akwai fuskar mutum a jikinsu, yanzu babu."

"Baiwar Allah, da me kika wanke su?"

"Da ruwan khal da soson ƙarfe."

"Tukunya kika ɗauke su? Koren nan da kika kankare shi ne ya riƙe fuskar sarkin shekara dubu da ɗari shida. Ƙasa ba ta cinye shi ba, ke kin gama da shi kafin shayi ya huce."

"Kada ka yi mini tsawa. Na marigayi mijina ne, a gonar masara ya tsince su. Ya bar su cikin kwalbar man zaitun, na ɗauka ƙazantarsa ce ta kullum."

"Jiƙa su yake yi, datti ya saki da kansa. Duk kin wanke?"

"Biyun nan kawai. Sauran ɗari da ashirin na bari sai gobe."

Dattijon ya sauke ajiyar zuciya.

"To, ba ki kashe mijin naki sau biyu ba. Ki samu tsinken sakace, ki riƙa bin ɗaya a hankali. Kowane wata, kwabo ɗaya."

"Shekara goma ke nan! Shekarata saba'in da huɗu fa."

"Kin ga ba ki da lokacin mutuwa."

Radojka ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Nuna mini yadda ake riƙe tsinken."