Fitilar Motar Abbana

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa. Ummi ce daga Nassarawa GRA. Kunya nake ji wallahi, amma saboda Abbana na rubuto.

Motarsa ta haya ce daga wani kamfani. Da ɗan acaɓa ya fasa fitilarta, Abba ya sayo ta hannu a Ƙofar Ruwa, yana cewa, "Ummi, 'yar Beljiyam ta fi sabuwa ƙwari." Yanzu inshora sun ƙi biya, kamfanin kuma ya ce a sa sabuwa ko su ɗauke motar.

A wannan motar yake kai ni makaranta, a kujerar baya nake karanta littattafan soyayya, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Masu sauraro, ina mafita? Abba, ko a adaidaita ne, kai za ka kai ni makaranta.