Garin Ƙarƙashin Harshe Da Ya Kusa Raba Ni Da Ɗiyata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena na Zumuntar Mata, matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Sunana Rifkatu, matar Bitrus mai gyaran injin niƙa. Ni ce mai ɗinki a bakin tasha. Kun san ni ba ni da haƙurin dogon zance, to ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. An ce in rubuta shaidata a sa a takardar zumunci, na ce to, amma kada a goge mini ko kalma ɗaya. Wanda abin ya taɓa, ya yi haƙuri, ni ma bai bar ni ba.

Ɗiyata Murna sikila ce. Shekararta shida. Wanda bai taɓa riƙe yaro mai wannan ciwo ba, kada ya ce mini ya san yadda yake. Yarinya tana ihu tana cewa ƙashinta ana sara, ke kuma ba abin da ke hannunki sai tsumma da ruwan ɗumi. Duk wata muna zuwa asibiti a Gummi, a ba mu 'yar ƙwaya mai ruwan ɗorawa ta ƙarin jini, da ta rigakafin zazzaɓin sauro, a ce ta riƙa shan ruwa da yawa. Kullum maganar ɗaya ce: sai dai a lallaɓa. Na gaji da wannan lallaɓawar! Ni warkewa nake so, kuma yanzu-yanzu.

A haka na je taron Zumuntar Mata na gunduma, na haɗu da wata mata daga Gusau, ana ce mata Anti Jummai. Jaka ce da ita babba, da waya cike da bidiyon mutanen da wai sun tashi daga keken guragu. Da ta ji labarin Murna sai ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, Ubangiji ne ya zaunar da ke kusa da ni. Kin taɓa jin sitem sel?"

Na ce na taɓa ji a rediyo, wai likitoci suna warkar da sikila da shi.

Ta ce, "To ga shi a leda." Ta ciro 'yar fakiti ƙarama mai gari a ciki. Wai daga wata tuffa ta ƙasar Turai ake yin sa. Wai a zuba a ƙarƙashin harshe da safe kafin a ci komai, sai ya ta da ƙwayoyin jiki da suka yi barci, su ƙera sabon jini. Wai cikin wata uku jinin Murna zai koma irin na kowa.

'Yan'uwa, na yi sakandare. Na zauna a aji an koya mini cewa jinin sikila gado ne daga uwa da uba, ba ya canzawa don an tsotsi gari. Na sani! Amma ina son abin ya zama gaskiya, sai na rufe wannan sanin na zauna a kansa.

Abin da tsada, ba kaɗan ba. Da na yi ƙorafi sai Anti Jummai ta ce ai akwai hanya: in yi rajista a ƙarƙashinta, in kawo mutum biyu, su ma su kawo biyu-biyu, na Murna ya riƙa zuwa mini kusan kyauta. Na sayar da keken ɗinkina na biyu na shiga. Daga ranar na zama 'yar kasuwarsu.

Abu biyu ta koya mini, ku lura da su da kyau, domin su ne igiyar da suke ɗaure mutane da ita. Na farko, wai in daina ba Murna ƙwayoyin asibiti, don suna kashe sababbin ƙwayoyin jikin da garin ke tayarwa. Na biyu, wai idan na ga zazzaɓi, ko ciwo ya tashi, ko ido ya canza launi, kada in tsorata, maganin ne ke koro tsohon jini waje. Kun ga wayon? In yaro ya samu sauƙi, aikin garinsu ne. In ya ƙara jigata, aikin garinsu ne. Ba ta inda za ki kama su.

Lokacin bazara ne, kuma dama Murna takan samu sauƙi da zafi. Sati uku ba ta kwanta ba. Anti Jummai ta bugo ta ce, "Me kike jira? Ki tashi ranar Lahadi ki ba da shaida, kada ki ɓoye abin da Allah ya yi."

Na kuwa tashi. Da yawanku kuna wurin. Na tsaya a gaba, na ɗaga ledar nan sama, na ce Ubangiji ya warkar da ɗiyata ta wurin wannan. Kuka tafa, iyaye mata suka buga tulu, aka yi waƙa. Ana tashi daga sujada mata huɗu suka same ni a bakin ƙofa suka saya. Lokacin shaida na mayar kasuwa, da sunan Yesu na yi talla. Wannan zunubina ne, ba na Anti Jummai ba, ni na buɗe bakina.

Bitrus bai taɓa yarda ba. Ya ce, "Rifkatu, ki haɗa mata da na asibitin mana, mene ne a ciki?" Na ce masa shi dai ba shi da bangaskiya, ya tsaya a kan injinansa. Ya ƙyale ni, don ya san in na hau ba na sauka.

Sai damina ta sauka, sauro ya yi yawa, yarinya kuma wata biyu ba rigakafi a jikinta. Ranar wata Talata zazzaɓi ya kama ta. Na ce alama ce. Laraba ƙafafu da baya suka ɗauka, idonta ya yi ruwan ɗorawa. Na buga wa Anti Jummai, ta ce, "Halleluya! Tsohon jinin ne ke fita. Ki ninka, leda ɗaya da safe ɗaya da yamma. Kada ki kuskura ki kai ta asibiti su ɓata mana aiki."

Bari in gaya muku abin da ya fi riƙe ni, ba maganarta ba ce. Kunya ce. Yaya zan goya yarinyar da na tsaya gaban ikilisiya na ce ta warke, in bi ta tsakiyar gari da ita zuwa asibiti? Me matan da suka saya a hannuna za su ce? Ɗiyata tana ƙonewa, ni ina tunanin fuskata.

Ranar Alhamis da safe Murna ta daina kuka. Ta kwanta shiru, numfashi sama-sama. Bitrus ya fita gyaran wani injin da ya tsaya, don na ce masa da sauƙi. Na yaga leda, na ce ta buɗe baki, ba ta ma iya ɗaga harshen ba. Garin ya zube a kan tabarma.

A nan na durƙusa. Ba wata addu'a mai tsari na yi ba. Na ce, "Yesu, ni ban san inda nake ba. In ƙarya nake bi, ka tsayar da ni, ko da za a yi mini dariya a garin nan har in mutu. Ka bar mini yarinyata." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ban tashi daga gwiwoyina ba na ji sallama a tsakar gida. Inna Hajjo ce, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta bayan gari. Musulma ce, tsohuwa, ita da Murna kullum sai sun yi faɗan wasa a kan wa zai lashe ludayi.

Ta ce, "Ina ƙawata? Yau kwana ukku ban gane ta ba, ko ta yi arziki ta bar shan nono?"

Na ce tana ɗaki ba ta jin daɗi. Ba ta jira na ce ta shigo ba. Ta aje ƙwaryarta, ta duƙa, ta sa babban yatsa ta ja fatar ƙasan idon Murna, ta buɗe tafin hannunta, ta ɗaga leɓenta ta dubi dasashi.

"Subhanallahi! Ke, mi kika ba wagga ɗiya?"

Na ce, "Magani ne, Inna. Aiki yake yi, tsohon jini yake fitarwa."

Ta dube ni kamar ta mare ni. "Aikin mi? Ya hitar da tsoho, ina sabon? Ni ko maraƙi nig ga idonai ya yi hwari haka, na san jini ya ƙare, ba ni bari shi kwana. Tashi! Ɗauko zane ki goya ta. Ke da kika yi boko!"

Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, da idon da take duba maraƙanta ta ga abin da ni uwa na ƙi gani. Na roƙi Yesu ya tsayar da ni, ya aiko mini da mai nono. Ku yabi Ubangiji!

Ita ta tura aka kira Bitrus. Muka hau babur, Murna a tsakaninmu, kanta yana lilo a kafaɗata. Kun san hanyarmu da damina. Sau biyu muna sauka yana tura babur a cikin laka, ni ina tafe da ita a baya ina kiran sunanta don in ji ta amsa.

Muna isa asibiti aka ɗebi jininta. Likitan ya dawo fuskarsa a ɗaure, ya ce, "Yaushe rabonta da maganinta?" Na ce wata biyu. Ya ce, "Wa ya ce ki daina?" Na miƙa masa ledar. Ya juya bayanta ya nuna mini wasu ƙananan rubutu da Turanci ya ce in karanta. An rubuta ƙarin abinci ne, ba a yi shi don warkar da wata cuta ba. Su da kansu suka rubuta! Ina jin Turanci, wata biyu ledar tana hannuna, ban taɓa juya ta ba.

Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata a take. Bitrus ya buga wa Baba Fasto. Kafin la'asar sai ga shi da matasa biyu, wandunansu duk laka. Baba bai ce mini komai a kan shaidar da na bayar ba, ya dai naɗe hannun rigarsa ya bi ma'aikaciyar jinya. Jininsa ya dace da na Murna. Ina zaune ina kallon jinin yana ɗiga a hankali, har leɓen Murna ya fara yin ja. Washegari ta buɗe ido ta ce tana son koko. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba!

Kafin a sallame mu na tambayi likitan, to abin da na ji a rediyo fa, ƙarya ne? Ya ce a'a, akwai shi, amma ba a leda ba. Ya ce dashen ɓargo ne. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke ƙera jini daga ɓargon wani, yawanci ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda nasu ya dace, a sa wa marar lafiya a babban asibiti, bayan gwaje-gwaje masu yawa, a kwantar da shi makonni ana tsaronsa. Akwai haɗari, akwai kuɗi masu nauyi, ba kowane yaro ake yi wa ba. Sunan wannan aikin 'yan kasuwa suka sata suka manna wa garin tuffa.

Daga bakin gadon na buga wa Anti Jummai. Na ce Murna ta kusa mutuwa. Kun san me ta ce? "Ƙanwata, bangaskiyarki ce ta yi rauni, da kin daure kwana biyu. Amma akwai wani sabo da ya shigo, ya fi wancan ƙarfi, na yara ne musamman."

Na ce, "Anti, kada ki ƙara ce mini ƙanwa. Ɗiyata tana kwance da jinin wani a jikinta, ke kina yi mini talla? Ki ji tsoron Allah!" Na kashe wayar.

Baba Fasto ya ce in gafarta mata. Ina addu'a a kai, amma ba zan yi muku wata ƙaryar ba, ban kai can ba tukuna. In na tuna muryarta tana cewa in ninka, har yau haushinta nake ji. Ku taya ni da addu'a.

Da muka dawo na bi matan nan huɗu gida-gida na roƙi gafara. A nan na tarar ɗaya daga cikinsu, Mama Talatu, ta ajiye maganin hawan jininta tun ranar da ta saya a hannuna. Ni na raka ta asibiti da ƙafata. Idan akwai wani a cikinku da ya ajiye maganinsa saboda abin da na faɗa, ko saboda wani mai jaka da bidiyo, don Allah gobe ka koma wurin likita. Masu sayarwa kuma da ke cikinmu, na san kuna nan, ku juya ledar ku karanta kafin ku miƙa wa uwar wani yaro.

Murna ba ta warke ba. Sikila ce har yau, kuma ba zan ce ta warke ba sai ranar da gwaji ya nuna. Tana shan ƙwayoyinta, tana kwana a gidan sauro, duk wata muna kan hanyar asibiti, kuma na daina jin haushin kalmar lallaɓawa. Ta koma makaranta. Tana da rai, 'yan'uwa! Na tura ta bakin kabari da hannuna, Yesu ya dawo mini da ita.

Na gode wa Ubangiji da ya ji addu'ar mace mai taurin kai irina. Ku dogara gare shi. Ba ya sayar da jinƙansa, kuma ba ya ce wa uwa ta jira kwana biyu. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.