Gidan Alhaji na Sabuwar Unguwa

A bencin tashar Ƙanƙara, wani Alhaji mai baƙin gilashi da ya sauka daga Kaduna ya ga ba wanda ya tambaye shi ko shi wane ne, sai ya juya wajen wata dattijuwa mai jiran motar Sheme, za ta ƙwadago.

"Baba, garin nan ya cika fa. Shekara huɗu ban zo ba, ko hanya ban gane ba."

"Ƙauyuka ne suka taso, Alhaji. Mu ma daga wajen Sabuwa ɓarayin daji suka koro mu."

"Allah ya kyauta. Ni gini nike a sabuwar unguwa. Banɗaki a kowane ɗaki, irin na Abuja."

"Ruwan fa?"

"Zai zo. Da wuta da kwalta, duk suna cikin taswira."

"To. Mu dai rijiyar masallaci muke layi. Wane gidan?"

"Mai shuɗin ƙyaure, gindin eriyar waya. An ce wasu sun tare ciki. Gobe zan fidda su in sa rufi, in ba ma'aikata haya."

"Ma'aikatan ai sun koma Katsina."

"Za su dawo."

"Allah ya sa. Ka fara da banɗakin gabas, bangon ya tsage."

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Nan nike kwana da jikokina huɗu, mun rufe shi da leda. Mu sha tara ne a gidan."

Alhaji ya cire gilashi.

"Ba gardama zan yi ba, gidanka ne. Amma na shuka kuɓewa a babban falo, ta fara fure. Ka ba ta sati uku."