Rajistar Iyaye da Takardar Ƙosai

Malam shugaban taro, Hajiya shugabar makaranta, malamai masu haƙuri da 'ya'yanmu, Malam Wisdom mai kwamfuta, iyaye maza da mata na Tudun Wada, assalamu alaikum.

Na gode da aka miƙo min lasifika, ni da na bar makaranta a aji huɗu, ita ma makarantar ba ta aiko nemana ba.

Maganata a kan sabuwar rajistar iyaye ce, wadda za a saka a kwamfuta. Na farko, ina goyon bayanta, don na ɗanɗana rashinta. Kwanaki Hanifata ta yanke jiki ta faɗi a aji. Aka buɗe tsohon littafi, aka tarar da Lawal har biyar. Aka kira Lawal na Hanwa, aka kira Lawal tela, aka kira har Lawal ɗin da ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa. Ni Lawal na biyar ina bakin titi ina facin keke, yarinya kwance awa uku.

Na biyu, fom ɗin da aka raba mana bayan nan. Aka tambayi shekaru, aka tambayi lambar katin ɗan ƙasa, aka tambayi wayar uwargida, aka tambayi ciwon da yaro ke fama da shi. Abin da na karya da shi kaɗai aka manta. Muka cike, muka miƙa. Bayan wata biyu na sayi ƙosai a Gyallesu, aka naɗe min shi a fom ɗin Alhaji Nagoda. Kafin in cinye na san shekarunsa na gaskiya. Alhaji, ba zan faɗa ba, amma daga yau kai za ka riƙa fara gaishe ni.

Na yi dariya, sai dariyar ta maƙale, don nawa fom ɗin yana ɗauke da ciwon 'yata, wanda ko ƙannena ban gaya wa ba. Na ce wa mai ƙosai, "Inna, sauran takardun fa?" Ta ce, "Malam, ai tun safe nake ciniki." Har yau ban san wa ya ci ƙosai da asirin Hanifa ba.

Na uku, roƙo. Malam Wisdom, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to kwamfutarka ma ta yi cikin riƙe asiri. Malamin aji ya ga suna, da laƙabi, da lamba ɗaya. Batun ciwo ya tsaya wajen Hajiya da mai ba da magani. Katin ɗan ƙasa a duba da ido, a mayar min da abina. Wanda ɗansa ya gama, a goge shi.

Ni kuma a rubuta ni haka: Lawal mai faci, Baban Hanifa. In ta sake faɗuwa, a kira ni kafin a kira mamaci.

Allah ya rufa mana asiri, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.